Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Katsina da Majalisar Dokoki: a tanadi kuɗin kashe gobara tun kafin hunturu ya kankama

Assalamu alaikum.

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, Mai Girma Kakakin Majalisar Dokoki, da sauran wakilanmu na majalisa, bayan gaisuwar girmamawa, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da ya ɗora muku, ya kuma kawo ƙarshen rashin tsaron da ya hana 'yan'uwanmu na yammaci da kudancin jiha barci da ido biyu rufe.

Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Daura, can wajen iyaka. Na daɗe ina koyarwa a firamare kafin in koma gona gaba ɗaya, shi ya sa duk sanda ake son rubuta wani abu a garinmu, ni ake turo wa. Wannan takarda ba tawa ba ce ni kaɗai. Da bakin manoman da ke tara amfaninsu a gona nake magana, da Fulanin rugagen da ke kewaye da mu, da matan da ke tara harawa suna jiran bazara su sayar, da 'yan kasuwar ƙauye waɗanda jarinsu bai wuce abin da ke cikin rumfa ba. Kukanmu a kan gobara ne, da yadda ake tsara kuɗin kashe ta. Mun kawo shi yanzu ne saboda lokacin shirin kasafin baɗi ya zo, ciyawa kuma ta fara bushewa.

Ranka ya daɗe, bari in fara da abin da idona ya gani. Hunturun bara waccan, bayan azahar, muna zaune a gindin darbejiya sai muka hango hayaƙi daga wajen burtali. Daga baya muka ji yara ne suka cusa wa ramin gafiya wuta. Iskar nan ta arewa maso gabas tana kaɗawa da ƙarfi, kafin mu isa wutar ta bi burtali ta faɗa gonaki uku inda ba a gama kwashe dammuna ba. Duk garin muka fita. Maza da ɗanyen reshe suna bugu, mata da yara da bokiti da jarka, amalanken shanu biyu suna kai da kawowa daga rijiya. Wanda bai taɓa tsayawa gaban wutar kara ba ba zai gane ba: ƙara take kamar ana harbi, tartsatsi na tsallake kanka ya kama bayanka. Na buga waya inda ya kamata a buga. Wanda ya ɗauka ya yi mini magana da mutunci, ya ce, "Baba, wallahi mota tana nan, amma man da ke cikinta ba zai kai mu wajenku ya dawo da mu ba." Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Sai bayan magariba wutar ta mutu don kanta, da ta kai wani fako inda babu abin ci.

Da safe na tarar da wani dattijo maƙwabcina tsugune a gonarsa yana tona toka da sanda, yana tsinto guntayen zangarniyar da ba su ƙone ƙurmus ba yana zubawa a hularsa. Dami 70 ya tara a wurin. Ya ɗago ya ce mini, "Malam, abincin gidana ke nan har damina." 'Ya'yansa biyu a makon nan suka tafi cirani.

Bayan wasu makonni aka zo aka rubuta sunaye. Bayan wasu watanni aka kawo jaje: hatsi, tabarmi, barguna. Mun karɓa, mun yi godiya, kuma har zuci muka yi ta. Amma duk wanda ya iya lissafi a garinmu ya san kuɗin motar da ta ɗauko kayan jajen kaɗai ya isa ya sayi man da aka rasa a ranar. Wannan shi ne asalin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kuka na farko a kan lokaci ne, kuma a ganina shi ne uwa uba. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa Janairu ta ƙare Disamba. Ita kuwa wuta tana da nata kalanda. Daga Nuwamba zuwa Maris take cin kasuwarta: ciyawa ta bushe, kara na jibge a gona, iska na kaɗawa, mutane na kwana da garwashi a ɗaki saboda sanyi. Wato daidai lokacin da ake rufe littattafan tsohuwar shekara, kuɗin da aka ware ya ƙare ko ya kusa, sabon kasafi kuma ko an sa masa hannu ba a fara sakin kuɗinsa ba, a wannan tsakanin ne gobara ta fi tashi. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san yadda Janairu da Fabrairu suke a ofis. Takarda za ta hau, ta sauko, a ce a jira. Gini ko kwalta na iya jiran wata biyu, ba abin da zai same su. Wuta kuwa minti talatin ya ishe ta ta gama da unguwa. Ko nawa aka rubuta wa 'yan kwana-kwana a takardar kasafi, in bai shiga hannunsu ba sai Afrilu, to na gobarar da ta riga ta wuce ne.

Kuka na biyu: kuɗin gobara a wurinmu ya fi fitowa bayan ta ci ta ƙoshi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, SEMA, aikinsu na da muhimmanci, ba mai musun haka. Sai dai mafi yawan abin da talaka ke gani daga gare su na bayan ɓarna ne. Kuma kuɗin da ba a tanada ba, in larura ta zo, dole daga wani wuri za a yanko shi. A yanko daga na dashen itace, ko na gyaran rijiya, ko na asibiti. Baɗi kuma a sake.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai, har ƙasar da ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba ta yi fama da shi. A Amurka, a 1995, kashi 16 cikin 100 na kuɗin hukumar kula da gandun dajinsu ne ke tafiya a harkar wuta. Zuwa 2015 ya haura rabi. Yadda suke yi a da shi ne su duba matsakaicin abin da suka kashe a shekaru goma da suka wuce, su ware kwatankwacinsa. In shekara ta zo da zafi kuɗin ya ƙare wuta ba ta mutu ba, sai hukumar ta ɗibi kuɗin sauran ayyukanta, har da na sharar daji da rage busassun itatuwa, wato ainihin aikin da ke hana wutar baɗi girma. Suna kashe ta bana da kuɗin hana ta baɗi. Sai a 2018 majalisarsu ta yi doka ta buɗe wata ƙofa ta daban da za a riƙa ɗiba in shekara ta yi muni, wadda ta fara aiki a 2020 da dala biliyan 2.25, tana ƙaruwa duk shekara har ta kai biliyan 2.95 a 2027. Ban kawo wannan don in ce mu yi gasa da su a yawan kuɗi ba. Dajinsu daban, namu daban. Abin da na ɗauka a ciki shi ne sun gane cewa kuɗin rigakafi da kuɗin kashe wutar da ta riga ta tashi ba a haɗa su a tukunya ɗaya, domin kullum na biyun ne ke cinye na farko.

Mu ma dokarmu ba ta bar mu haka ba. Sashe na 123 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Majalisar Dokokin jiha ikon kafa asusun ko-ta-kwana, ya ba Gwamna damar ɗiba daga ciki idan buƙatar gaggawa ta taso wadda ba a yi mata tanadi ba, da sharaɗin a kawo ƙwarya-ƙwaryar kasafi a mayar da abin da aka ɗiba. Ga kuma asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kasonsu a rabon arzikin ƙasa. An fi jin sunansa a kan zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada. To wutar da ta cinye ciyawa da ƙananan itatuwa ta bar ƙasa tsirara gaban iska, in ba ƙofar hamada ba ce, mece ce?

Kuka na uku gajere ne, don kowa ya san shi. Sayen motar kwana-kwana abu ne da ake gani, ana yanka ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Man gas, taya, batir, tiyo, rigar da ke kare ma'aikaci daga wuta, da alawus ɗin wanda ya kwana a bakin aiki, su ba a ganinsu, amma in babu su motar ƙarfe ce kawai a ajiye. Tsadar mai da kayan gyara a 'yan shekarun nan ta sa kuɗin gudanarwar da ya isa jiya ba ya kai ko'ina yau. Sannan ga ruwa. Tankin mota cikin 'yan mintoci yake ƙarewa. In babu inda za a sake cikawa kusa, kafin a je a dawo wutar ta koma sabuwa. Jiha mai ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, daga Baure zuwa Sabuwa, ba ta kashe gobararta da motocin da ke zaune a manyan garuruwa kaɗai.

Kuka na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin shi ne ba a cika faɗa ba. Wutar daji marainiya ce, ba ta da mai ita. In kasuwa ta kama, rediyo zai faɗa, manya za su zo jaje, a kafa kwamiti. Daidai ne a yi hakan. Amma in makiyaya ta ƙone, ko kara da harawar gari guda suka tafi, sau da yawa ko a rubuce ba ya shiga. Ma'aikatar gona za ta ga aikin malaman daji ne, malaman daji su ga na 'yan kwana-kwana ne, su kuma su ga an yi su ne don gari. Abin da ba a rubuta ba kuwa ba a yi masa kasafi.

Alhali asarar ba ƙarama ba ce. A wurinmu harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce a ajiye. Mace za ta ɗora ta kan itace ko kan soro tun kaka, ta jira har bazara lokacin da dabba ke neman abin da za ta sa a baki, ta sayar ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ko ta kiwata ragon layya. Karan dawa da na gero shi ne darni, shi ne makamashi, shi ne abincin shanu. Bafulatanin da makiyayarsa ta ƙone a Disamba ba shi da zaɓi sai ya tashi da wuri, ya nufi inda akwai sauran danshi, wato fadamu da bakin madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam, inda masu noman rani suka riga suka shuka. Daga nan kun san abin da ke biyo baya. Rigimar da ake kai wa gaban hakimi a Fabrairu, wani lokacin tushenta ashana ɗaya ce da aka ƙyasta a Disamba. Mu da muka ga abin da rikicin manoma da makiyaya ya zama a gefen dajin Rugu, ba ma son ko ƙyallinsa ya iso inda Allah ya rufa mana asiri.

Ga kuma itatuwan da ake dasawa. Katsina na cikin jihohi 11 na bakin hamada da shirin nan na dasa katangar itatuwa don tare hamada ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 2015. Ana kashe kuɗi a rena dashe, a kai shi, a shayar da shi shekara biyu ko uku. Wuta ɗaya ta yini ɗaya ta ishe shi. Kasafin da ya biya kuɗin dashe bai biya kuɗin share ciyawar da ke kewaye da shi ba, ya yi rabin aiki ne.

Maƙwabtanmu na Nijar, da muke cin kasuwar Mai'aduwa tare da su, sun daɗe da wata dabara. Da damina ta ɗauke, sai a ɗauki mutanen karkara aikin share doguwar hanya mai faɗi a tsakiyar makiyaya, a kankare ciyawar har ƙasa, a biya su. In wuta ta taso, tana isowa nan ta rasa abin ci. Ciyawar da aka share a tara ta a ba dabbobi, matashi kuma ya samu abin da zai riƙe shi a gida maimakon tafiya cirani. Aikin fartanya ne da manjagara, ba ya buƙatar injiniya daga waje. Fakon da ya tsayar da wutar garinmu, irin aikin nan ya yi, sai dai shi Allah ne ya ajiye shi a wurin.

Ba na manta da birni ba. A watan Maris na 2021 Babbar Kasuwar Katsina ta kama da wuta, shaguna masu yawa suka ƙone, mutanen da suka kwana da arziki suka wayi gari ba su da ko na cefane. Ku da kuke Katsina kun fi ni sanin waɗanda har yau ba su farfaɗo ba. Tsarin da muke roƙo, shi ne dai zai yi wa kasuwar Daura da ta Funtuwa da ta Jibiya da ta Charanci amfani.

Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye namu laifin ba. Mu ne ke toyi don gudun wahalar sharar gona. 'Ya'yanmu ne ke cinna wa daji wuta saboda gafiya ko zomo. Masu ɗiban zuma da masu gawayi daga cikinmu suke, haka mai jefar da guntun taba a bakin hanya. Akwai ƙa'idar tarayya ta 2011 a kan ƙona daji, amma a ƙauyenmu da wuya ka samu mutum biyar da suka taɓa jin labarinta. A da, da kaka ta yi, mai unguwa kan sa a yi shela, kuma sarkin dawa da malamin daji suna da kwarjini. Wannan ɓangaren mun ɗauka, za mu yi wa kanmu faɗa a masallaci da majalisa. Amma faɗa ba ya zuba mai a mota.

Don haka ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a ware wa kashe gobara, ta gari da ta daji, layinta na kanta a kasafin baɗi, da sunanta ƙarara, kada a cusa ta cikin wani babban kan magana inda ba mai iya bin sawunta. A raba shi gida biyu, na rigakafi daban, na kashewa daban, kuma majalisa ta rubuta cewa ba a taɓa na farko don cike giɓin na biyu.

Muna roƙon a saki kuɗin gudanarwar hunturu gaba ɗaya kafin ƙarshen Oktoba, wanda zai kai har ƙarshen Maris, ta yadda canjin shekara ba zai yanke shi a tsakiya ba. In bana lokaci ya ƙure, a yi amfani da asusun ko-ta-kwana a cike. Kowace tashar kwana-kwana ta kasance da mai a ajiye, da ɗan abin da shugabanta zai iya kashewa nan take ya kawo rasit daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya, ballantana a ce sai an rubuta takarda zuwa Katsina wuta na ci.

A kan wutar daji, a fitar da wani kaso sananne daga kuɗin muhalli a biya matasa su share hanyoyin tare wuta a kewayen makiyayu, gandun daji, wuraren dashe da bayan gari, a watan Oktoba da Nuwamba. A faɗi ma'aikata ɗaya da alhakin zai rataya a wuyanta. A bi ta hannun Masu Martaba Sarkin Katsina da Sarkin Daura, domin hakimai da dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo su ne suka san inda wuta ta saba fitowa kowace shekara. Shugabannin ƙananan hukumomi su ma su sa nasu hannun, tunda su ne kusa da mu.

A kowace mazaɓa a koya wa wasu matasa yadda ake tunkarar wuta ba tare da an hallaka kai ba, a ba su abin bugu, shebur, takalmi da famfon goyo irin na feshi. Gwamnatinka ta nuna a 2023, da ta kafa rundunar tsaron al'umma, cewa ana iya ɗaukar 'ya'yan gari a horar da su su tsare garinsu. Wannan ya fi wancan sauƙi da araha nesa. A manyan kasuwanni kuma a gina tankin ruwa na gobara kaɗai, mai rijiyar burtsatse da sola, a buɗe hanyoyin da rumfuna suka toshe.

Na ƙarshe, ga wakilanmu na majalisa. Ikon bin diddigin kuɗin da kuka amince a kashe yana hannunku. Muna roƙon duk ƙarshen hunturu a kawo muku rahoto a fili: gobara nawa ta tashi a kowace ƙaramar hukuma, nawa aka kai wa ɗauki, nawa aka kasa kaiwa da dalilin kasawar, nawa aka saki kuma yaushe. A karanta shi a rediyon jiha da Hausa. Da wannan lissafin ne kasafin shekara mai zuwa zai tsaya a kan abin da ya faru, har da dami 70 na maƙwabcina da irinsu.

In kwamitin kasafi zai zauna jin ra'ayin jama'a, muna roƙon a sanar da mu da wuri ta hannun hakimanmu. Za mu zo, manoma da makiyaya da mata, dattijon nan ma ya ce in dai da mota zai bi mu.

Allah ya taimaki Gwamna, ya taimaki majalisa, ya tsare mu da ku daga gobara.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi, tsohon malamin firamare,
a madadin maƙwabtansa na ƙasar Daura.